Rasuwar Gwaggo, Taraktar Gidan Dabo

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta fal, tare da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, ni Muhammadu Sani, ɗa na biyu ga marigayi Alhaji Dabo na Zangon Marke a ƙasar Ungogo, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan noma, na nan kusa da na Watari da na Kunci, rasuwar taraktarmu wadda kowa ya sani da suna Gwaggo. Ta rasu ranar Talata da hantsi, a tsakiyar gandun mahaifinmu, garma na cikin ƙasa, bayan doguwar jinya wadda na ɗauka ni kaɗai na san da ita.

Kafin in ɗauki alƙalami sai da na tambayi limaminmu ko ya halatta mutum ya yi salati da istirja'i a kan ƙarfe. Ya ce kowace irin asara bawa ya yi, daidai ne ya mayar da al'amarin ga Mai shi, amma ban da sallar gawa, ban da zaman makoki. Na karɓi fatawar. Sanarwa dai bai hana ni ba, don haka ga ta.

Babu wanda ya san shekarun marigayiyar na gaskiya. Ta zo gidanmu da tsufanta, shekarar da aka yi wa ƙanena Zubair kaciya, bayan ta yi wa wasu manoman rani aiki a Watari har jan fentinta ya koma kalar tsohuwar tukunya. Baba ne ya tuƙo ta da kansa, yara na bin ta a baya, mata na leƙe ta kan katanga. Yayarmu Hure, wadda ita ce babba a cikinmu uku, ita ta sa mata suna. Ta ce wannan da ganinta dangin uba ce, ta zo zama, ba ta zo yini ba. Shekara talatin da shida ke nan, kuma zancen Yaya ya tabbata.

Marigayiyar mai haƙuri ce, ba ta da kwaɗayi, ba ta da raki. Abin da aka zuba mata shi take sha. Ta nome gandunmu, eka goma sha ɗaya a miƙe daga bakin titi har gindin ɗorawa, ba ta taɓa barin kunya a karkace ba sai dai in direba ne ya yi gyangyaɗi. Ta ɗauko taki daga birni, ta kai gero rumbu, ta kai kayan amare, ta kai masu naƙuda asibiti a shekarun da hanyarmu ba ta shiguwa da damina. Ita ta ɗauki mutanen da suka raka Inna makwancinta, ita kuma ta ɗauki waɗanda suka raka Baba. Tana da nata halin, ba zan ɓoye ba. Ba ta son a tashe ta da gaggawa, fitilarta ɗaya ce, birkinta na hagu kuwa sai an roƙe shi. Amma ba ta taɓa yin ƙarya ba. Duk abin da ke damunta sai ta faɗa.

Wanda bai zauna da ita ba zai ce hayaniya ce kawai, amma mu da muka tashi a gabanta mun san muryarta. In tana cikin ƙoshin lafiya, tan-tan-tan-tan take yi, a daidaice, kamar mata biyu da suka saba daka a turmi ɗaya. In garma ta kama ƙasa mai nauyi sai ta sauke murya, dum-dum-dum, ta ci gaba. Baba ya koya mini sauraronta tun ina zama a kan murfin taya. Ya ce duk ƙarar da ba ka saba ji ba, ka yi mata tambaya huɗu kafin ka taɓa sifana. A tsaye take yi ko a tafe? Kuloci a take ko a sake? A giya ɗaya ko a dukkansu? A miƙe ko a kwana? Ya ce wanda ya amsa waɗannan huɗun ya san inda ciwon yake, ko da bai san sunansa ba. Na haddace su kafin in haddace izu biyu.

Dole in yi bayanin matsayinta a gidanmu, domin masu ta'aziyya su san girman abin da aka rasa. Da Baba ya rasu shekara shida da suka wuce, an zauna maganar gado bayan addu'ar arba'in. Zubair, wanda yake jan adaidaita-sahu tsakanin Ungogo da cikin gari, ya so a raba gandu. Gari ya riga ya iso mu, gonakin maƙwabta sun zama fulotai, kuma gefenmu na bakin titi shi masu gini suke zagayawa suna kallo. Ni ban so ba. Na san in aka yanka gandun nan kashi biyar, biyu nawa, biyu na Zubair, ɗaya na Yaya, babu inda tarakta za ta juya, kuma babu abin da zai sake haɗa mu a wuri ɗaya ranar girbi. Yaya Hure ce ta raba gardamar. Ta ce a bar gandu a haɗe muddin Gwaggo tana iya nome shi, ranar da ta kwanta a kira malamai su zo da igiyar awo. Zubair ya ce ya yarda. Na san hakkinsu ne suka jinkirta saboda ni, kuma tun daga ranar na daina kallon Gwaggo a matsayin abin noma. Ta zama ita ce ke riƙe da gidan Dabo, ni kuma ina riƙe da ita.

Ciwon ajali ya fara ne bara, wajen tsakiyar damina. Wata ƙara siririya ce ta fito daga ƙarƙashin kujera, wuuuu, tana hawa in gudu ya ƙaru, tana sauka in an rage. Da fari na so in ɗora wa tsohon ciwonta, wato ƙiiii ɗin nan da take yi in an taka kuloci, wanda boris ne ƙarami, zoben ƙarfen nan mai 'yan ƙwallaye, da muka daɗe muna lallaɓawa. Amma na yi mata tambayoyin Baba. A tsaye ba ta yi, sai a tafe. Taka kuloci bai kashe ta ba muddin taya na juyawa. Na sa giya ɗaya, na sa biyu, na sa uku, tana nan. Ƙarar da ta tsaya a giya ɗaya haƙorin giyar ne, ana iya kauce masa a ci gaba da aiki. Wadda ke bin dukkan giyoyi kuwa ta wuce akwatin giya, tana can baya, a ƙugu, inda ƙaramin haƙori ke juya babban faifan da ke tura tayoyi. Na gane haka tun a yinin farko. Na sauko, na sha ruwa, na koma na ƙarasa kunyoyina.

Da kaka ta zo, wuuuu ya sami ɗan uwa. In na ɗora mata kaya na saki kuloci sai ta ce gaf, sannan ta tafi. In na ɗaga ƙafa daga totur a gangara sai ta yi gurnani, gurrr, kamar akuyar da aka ja da igiya. Na kwance notin da ke ƙasan cikinta don in duba mai, na tarar maganaɗisun jikinsa ya tsiro gashi. Garin ƙarfe ne, baƙi, mai laushi, har da ɓarɓashi biyu masu sheƙi da suka kai girman ƙwayar gero. Na goge shi da gefen rigata na mayar. Ban gaya wa kowa ba.

Mutum ɗaya na kira, shi ne Mati makanike, abokin Baba, wanda ya san cikin Gwaggo fiye da yadda ya san ɗakinsa. Ban kai ta garejinsa ba, domin garejin yana bakin titin da Zubair ke bi safe da yamma. Gona na ɗauko shi a babur. Ya zo da sandarsa ta ƙarfe, ya kafa bakinta a jikin akwatin giya, ya ɗora kunne a ɗaya gefen, ya ce in tafi a hankali yana bina. Ya matsar da sandar baya, ya sake matsarwa, har ta kai daidai ƙasan kujera. Nan ya tsaya. Ya ɗaga hannu na kashe inji.

“Muhammadu, boris ɗin ƙaramin haƙori ne ya fara sakin jiki,” in ji shi. “Haƙoran ba sa haɗuwa daidai, suna cin juna. Yanzu abin boris ne kawai. Ka kawo ta da rani, in buɗe ta, in sa a nemo mana a kasuwar Ƙofar Ruwa, sati biyu ta tashi.”

Na tambaye shi ko ana iya yi a nan gona, a bayan ɗorawa. Ya dube ni ya ce aikin sai an raba ta biyu an ɗora kowane ɓangare a kan kututture, kuma ba a yin haka a kan yashi. Na hango ta a bakin titi, gaba daban baya daban, ciki a buɗe, Zubair na wucewa da fasinja yana rage gudu. Na hango shi yana ce wa Yaya Hure, ai ta kwanta. Na ce wa Mati zan yi shawara. Ya ce, “Ka yi da 'yan uwanka, tasu ce kamar yadda take taka.” Na mayar da shi gareji, na roƙe shi ya riƙe mini sirri don darajar Baba. Ya riƙe, Allah ya saka masa, kodayake yanzu na fi son da bai riƙe ba.

Rani ya wuce ban kai ta ba. Na ajiye ta a rumfa ina wanke ta, ina shafa mata mai, ina ba wa masu wucewa labarin ƙarfinta. Mu a nan haka muka saba yi wa tsofaffinmu. In dattijo na ciwo cewa muke yi da sauƙi, har ranar da za a fito da shi. Na ɗauko wannan ɗabi'ar na ɗora a kan tarakta, na manta cewa dattijon ana ba shi magani a ɗaki ko da ana cewa da sauƙi a zaure.

Da ruwan farko ya sauka bana, na tashe ta, sai na ji abin ya wuce inda na bar shi. Tana kuka tun daga ƙofar gida, ana jin ta daga masallaci. A nan ne na aikata abin da ya sa nake rubuta wannan sanarwa da hannuna, ban ba wani ya rubuta ba. Na taɓa jin dillalan tsofaffin motoci suna hira cewa in akwatin giya na kuka, ana zuba masa dusar katako a cikin mai, ya yi shiru har a sayar. Na je wurin kafinta na ce zan shimfiɗa wa kaji. Na tankaɗe ta da rariyar matata, na auna kwano ɗaya, na kai Gwaggo gindin ɗorawa da azahar lokacin da kowa ya tashi daga gona, na ɗura mata. Ni da aka koya wa sauraro tun ban kai sitiyari ba, ni ne na toshe mata baki.

Ta yi shiru. Wuuuu ya koma kamar numfashin mai barci, gaf ya yi laushi. Kwana tara ta yi a haka, kuma ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗin kwanakin nan. Na wuce ta ƙofar Yaya da ita sau biyu ba tare da dalili ba. Na lura hannuwan da ke ɗaga garma sun fara nawa, domin mai ɗaya suke sha da giyoyin, na lura ƙarfen ƙasan kujera yana zafi har ta cikin takalmi. Ta daina magana da baki ta koma yi da jiki, ni kuma na kau da kai daga wannan ma.

Ranar Talata muka fita da sassafe, ƙasa ta sha ruwa daidai. Ta ja kunya talatin da bakwai. A ta talatin da takwas, mun taso daga ɗorawa mun nufi titi, sai ta yi wata ƙara da ban taɓa ji ba a shekara talatin da shida, ƙau, sau ɗaya, sannan ƙar-ƙar-ƙar, kamar an zuba tsakuwa a injin niƙa. Ta yi tsalle ta tsaya. Injin bai mutu ba, yana ta tan-tan-tan ɗinsa lafiya lau, bai san abin da ya faru a bayansa ba. Na sa giya na saki kuloci, ba ta motsa ba. Na leƙa ƙasa na ga mai yana zuba daga wata tsaga a ƙugunta, mai kauri, ruwan ƙasa, kamar kunun da ya kwana. Ni na kashe injin da hannuna.

Labari ya isa gida kafin ni. Zuwa la'asar Yaya Hure ta iso da mayafinta, Zubair ya ajiye adaidaitarsa a bakin titi ya tako ta cikin huɗa, Mati ya zo da sifanoninsa. Ya buɗe murfin ya sa hannu har gwiwar hannu. Ya fito da haƙora uku a tafinsa, da abin da ya rage na boris, wanda ya ƙone ya koma shuɗi. Ya ce gangar ƙugun ta tsage daga sama har ƙasa, irin tsagar da walda ba ta riƙewa. Sannan ya sake sa hannu ya fito da wani dunƙule, ya murza shi tsakanin yatsu, ya kai hanci. Ya miƙa wa Zubair, Zubair ya murza, kuma shi direba ne, ya san abin da yake riƙe da shi.

Na shirya wa faɗa, na shirya wa zagi. Zubair bai ɗaga murya ba.

“Yaya Sani, tun bara nake jin ta,” in ji shi. “Daga titi nake jin ta. Na ce bari in jira ka yi magana, kai ne babba. Ni na je wurin Baba Mati da rani na ce in ka kawo ta ya yi aikin, ni zan shiga Ƙofar Ruwa in nemo kayan. Ya ce mini ba ka kawo ba.”

Na dubi Mati, ya sunkuyar da kai. Ashe sirrin mutum biyu ya riƙe, kowa ya roƙe shi kada ya gaya wa ɗan uwansa.

Yaya Hure ta daɗe tana kallon man da ke tsiyaya a ƙasa. Ta ce, “Ranar da ka wuce ta ƙofata ba ta kuka, na ce alhamdu lillahi, Sani ya kai ta an gyara. Har sadakar ƙosai na yi.” Ta gyara mayafi ta ce, “Ni na ce ranar da ta kwanta, ban ce ranar da ta yi ciwo ba. Ka ɗauke mu baƙi, Sani. A kira malamai.”

Ban roƙe su ba, domin babu bakin roƙo. Da a ce tsufa ne ya kashe ta, na san za mu zauna mu uku mu nemi wata dabara, wataƙila mu yi hayar wata, wataƙila mu ƙara shekara. Zubair da kansa ya gaya mini haka washegari. Ya ce zai iya haƙura da fili, amma ba zai iya haɗa rumbu da wanda ya tankaɗe dusa ya ɓoye masa ba. Ina jin kunya, ina jin baƙin ciki, kuma ban ga laifinsa ba.

Marigayiyar ta rasu ta bar garma mai faifai uku, wadda har yanzu take maƙale da ita a cikin ƙasa, da tirela ɗaya mai taya mabambanta, da jarka biyu, da buhun da Baba ya naɗe ya ɗora a kan kujera don ciwon bayansa. Ta bar inji lafiyayye wanda ba shi da abin da zai tura. Ta bar kunya talatin da bakwai da rabi, da eka shida da ba a taɓa ba, ga damina ta kankama. Ta bar Mati, wanda ya ce ita ce ta ƙarshe a irinta da ya rage yana dubawa. Ta bar 'ya'yan Dabo uku, waɗanda daga wannan makon kowa zai san iyakarsa.

Ga yadda aka tsara rakiyarta. Ba za a yi mata wanka ba, na yi mata isasshe da rani lokacin da magani take buƙata. Ba za a kafa rumfa ba, ba za a ɗora tukunya ba, kamar yadda liman ya ce. Ranar Alhamis bayan sallar asuba, da gari ya yi haske, ana roƙon maƙwabta masu shanun huɗa su taimaka da bijimai huɗu da sarƙa, domin a fitar da ita daga gona zuwa bakin titi, inda 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe za su same ta. Ita ma gado ce, kashi biyar za ta tafi. Dole a ɗauke ta ranar, saboda malamai za su zo da igiya da turaku ranar Asabar, kuma an duba an ga inda ta kwanta nan ne igiyar za ta bi. Kunyar da ba ta ƙarasa ba, ita ce za ta zama iyaka tsakanina da ƙanena.

Sai an sami mai riƙe sitiyari in ana janta. Ni ba zan iya hawa kujerar nan ba. Zubair ya ce shi zai riƙe.

Roƙo ɗaya nake yi ga duk wanda Allah ya ba ikon halarta. Mati ya kwashe haƙoran da suka karye domin tayoyi su juya, amma ya ce za ta yi ƙara sosai a hanya, tun daga tsakiyar gona har titi. Don Allah kada a rufe ta da hira, kada a kunna rediyo, kada a kora shanu da ihu. A bar ta ta faɗi abin da ke damunta kowa ya ji. Ni zan biyo baya a ƙasa, ina saurare.

Allah ya jiƙan Alhaji Dabo da ya koya mini tambaya huɗu, ya yafe wa ɗansa da ya san amsarsu.

Muhammadu Sani Dabo,
Zangon Marke, Ungogo.